Tambayoyi da Amsoshi Kan Agoguna, Giya da Sauran Kayan Aikin Jirgin Ruwa Mai Inji

Wannan shafi na masu jirgi ne da direbobinsu da yaran jirgi da ke aiki a tafkin Dadin Kowa, da kogin Gongola wajen Nafada, da dam ɗin Balanga, har da na Gubi a Bauchi. Injin da aka fi gani a ruwayenmu shi ne na rataye a bayan jirgi, irin su Yamaha Enduro mai doki 15, 40 ko 75, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai. Akwai kuma jiragen gudu masu sitiyari da agoguna a gaban direba. Lambobin da za mu bayar su ne na yawancin waɗannan injuna. Duk inda littafin injinka ya faɗi wani abu daban, littafin za ka bi.

Jirgina ba shi da agogo ko ɗaya. Me zan riƙa dubawa?

Fitsarin inji shi ne na farko: siririn ruwan nan da ke fitowa ta wani ɗan rami a ƙasan murfin inji, ta baya. Shi ke shaida maka cewa famfon sanyaya inji yana aiki. Da zarar inji ya tashi, ka waiwaya ka gan shi kafin ka kwance igiya. Cikin tafiya ma ka riƙa waiwayawa, musamman bayan ka ratsa kainuwa ko wuri mai taɓo. Ka saba da tara hannu a ƙarƙashinsa. Ruwan lafiyayyen inji mai ɗumi ne wanda hannu ke jurewa. Idan ya fara ƙona hannu, ko yana fitowa da tururi, ko yana ɗiga maimakon tsartuwa, akwai matsala.

Sai kunne da hanci. Kowane inji yana da muryarsa idan yana lafiya, kuma wanda ya riƙe ta a kansa zai gane ranar da ta canza. Warin roba ko fenti mai ƙuna alamar zafi ce. Warin ɗanyen fetur kuma yoyo ne, a nemo inda yake kafin a sake jan igiya.

Mene ne amfanin agogon da aka rubuta wa RPM?

A ganinmu ya fi kowane agogo amfani a jirgi. Yana ƙirga sau nawa inji ke juyawa a minti ɗaya. Idan an rubuta x1000 a fuskarsa, allura a kan 4 tana nufin juyi 4,000. Idan x100 ne, za ka ga 40.

Lambobi uku za ka sani. Na farko sulo, wato juyin inji yana aiki ba a murɗa totur ba, wanda a waɗannan injuna yake tsakanin 700 da 1,100 gwargwadon irin injin. Na biyu ƙarshen totur, wanda a Enduro mai doki 15, 40 da 75 ya kamata ya faɗa tsakanin 4,500 da 5,500. Na uku na doguwar tafiya, wajen kashi uku cikin huɗu na totur, inda jirgi ke gudu sosai ba tare da zuƙe tanki ba.

Ga abin da muke so kowane mai jirgi ya yi. Ranar da inji ke lafiya, farfela ba ta da lahani, ka ɗauki kayan da ka saba ɗauka, ka fita inda ruwa ya kwanta, ka murɗa totur har ƙarshe na minti ɗaya, ka rubuta inda allura ta tsaya. Wannan lambar ce ma'auninka. Duk ranar da da kaya iri ɗaya allura ta gaza da 300 ko 400, wani abu ya taɓu ko da kunne bai ji ba tukuna: fulogi ya fara mutuwa, kafireta ta yi datti, gansakuka ta kama cikin jirgi ta waje, ko ruwa ya taru a ƙarƙashin daɓe. Wanda bai san lambar lafiyar jirginsa ba, agogon ado ne kawai a gabansa.

Idan sabon agogo ne aka ɗaura kuma karatunsa bai yi kama da gaskiya ba, a bayansa akwai ɗan maɓalli da ake juyawa ya dace da irin injin. Sau da yawa shi ne ba a saita ba.

Allura ba ta kaiwa 4,500, ko kuma tana wuce 5,500. Inji ne ya lalace?

Ba lalle ba. Fara da farfela. A jikinta akwai lambobi biyu, misali 11 1/8 x 13. Ta farko faɗinta ne da inci, ta biyu kuma takunta, wato tazarar da take ciyo gaba a juyi ɗaya. Ƙarin inci ɗaya a taku yana rage juyi da wajen 150 zuwa 200, ragin inci ɗaya kuma yana ƙara shi da haka. Jirgin da ke ɗaukar buhunan masara da babura ranar kasuwa yana son farfela mai ƙaramin taku. Idan aka sa masa mai babban taku, inji zai yi ta nishi a 4,000, ya yi zafi, ya tara baƙi a kan fistin, ya mutu kafin lokacinsa. Jirgi marar nauyi da aka sa wa mai ƙaramin taku kuma inji zai wuce iyakarsa.

Idan kuwa cikin tafiya ne allura ta yi tsalle sama, inji ya yi kururuwa amma jirgi ya rage gudu, sassauta totur nan take. Ko farfela ta shaƙi iska saboda an ɗaga inji da yawa ko an yi kwana mai kaifi, ko leda da ciyawa sun naɗe ta, ko robar da ke tsakiyarta ta saki bayan ta bugi kututture. Don gane na ƙarshen, ja layi da fenti daga tsakiyar farfela zuwa jikinta, ka yi ɗan gudu, ka duba. In layin ya rabu biyu, robar ta tafi. Da sulo kaɗai za ta kai ka gaɓa. Wasu ƙananan injuna kuma ɗan ƙarfe ne ke riƙe farfelarsu, wanda aka yi shi don ya karye ya ceci giya. Ka riƙa yawo da biyu ko uku, kada ka maye shi da ƙusa.

Fitsari ya tsaya, ko ƙararrawa ta fara kuka. Me zan yi a tsakiyar ruwa?

Mayar da totur sulo, sa giya a firi, ka duba fitsarin. In babu, kashe inji. Kada ka ce bari in lallaɓa zuwa gaɓa, domin mintoci kaɗan sun isa fistin ya kama. Injunan da ke da na'urar gargaɗi suna rage wa kansu gudu zuwa wajen 2,000 idan sun yi zafi, wannan ba lalacewa ba ce, kare kansu suke yi.

Ɗaga ƙafar inji. A gefenta biyu, sama da farfela kaɗan, akwai ramukan shan ruwa masu raga. Cire duk abin da ya manne: leda, kainuwa, laka. Sannan ka soka siririyar waya ko tsinken lilon kamun kifi mai kauri a ramin fitsarin, don wani lokaci famfo lafiya lau yake, yashi ne ko gidan zanzaro ya toshe ramin. Bari inji ya huce na minti goma, ka tayar. In ruwa ya fito da ƙarfi cikin 'yan daƙiƙu, ci gaba a hankali kana dubawa. In bai fito ba, a ɗauki filafili ko a nemi mai ja. Kuɗin ja bai kai rabin kuɗin fistin da ringi ba.

Me ke kashe famfon ruwan, kuma yaushe ake canza robarsa?

A cikin ƙafar inji akwai roba mai fuka-fukai da ke juyawa cikin kofin ƙarfe. Abu biyu ke cinye ta. Na ɗaya tayar da inji a tudu ba ruwa, ko da don a gwada wa mai saye ne. Ƙasa da minti ɗaya ta ƙone. In za a gwada a gida, a tsoma ƙafar cikin duro, ruwa ya rufe ramukan shan ruwa ya wuce faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela. Na biyu yashi. Da damina Gongola kan sauko da jan ruwa mai ɗauke da rairayi, da rani kuma ruwa kan ja baya direba ya yi ta gurzar ƙasa a mashigi. Duka biyun suna goge robar da kofinta.

A canza ta duk shekara ko bayan awa 200 zuwa 300 na aiki, a irin ruwanmu gara a riƙi ƙaramar lambar. In an buɗe aka tarar wani fiffike ya gutsure, sai an nemo guntun, domin yana nan cikin hanyar ruwa yana jiran ya toshe ta. Akwai kuma wata na'ura a kan inji da ke hana ruwa wucewa sai inji ya ɗumama. Wasu makanikai kan cire ta su yar, wai ƙasarmu da zafi. Ba mu goyon bayan haka. Injin da bai kai ɗuminsa ba yana shan mai fiye da kima, yana baƙanta fulogi. In ta lalace, a sa sabuwa.

Baƙin mai nawa ake zubawa a fetur?

Ga Enduro, kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur. Wato mililita 20 a kowace lita: 100 a lita 5, 200 a lita 10, rabin lita a jarkar lita 25. Sabon inji ko wanda aka sake wa fistin da ringi, awa 10 na farko ana ninka man, ya zama lita 1 a lita 25, kuma ba a riƙe shi a ƙarshen totur.

Man da aka yi don injin ruwa za ka nema, za ka ga TC-W3 a jikin robar. Baƙin man mota ba ya ƙonewa sarai, yana barin toka a ringi. Zuba man a tanki tukuna, ƙara fetur kamar lita 5, girgiza sosai, sannan ka cika. Ka sami kwalbar awo guda ka yi mata alama, ka daina kintace da ido. Fulogi zai gaya maka gaskiyar haɗinka: launin ƙasa-ƙasa lafiya ce, baƙi mai danshi mai ya yi yawa ko an manta cok a jawe, fari fat kuma inji na ƙishin mai ko yana zafi, wannan ne mai hatsari.

Inji mai ɗakin baƙin mai daban, wanda ake auna mansa da tsinke, ba a haɗa masa komai a fetur.

Inji na tashi lafiya, amma bayan minti biyar ko goma sai ya mutu. Me ya sa?

Dubi murfin tanki kafin komai. A kansa akwai ɗan sukurun iska da ake warwarewa sau biyu ko uku kafin tafiya. In an bar shi a ɗaure, inji na zuƙar mai iska ba ta shiga, har tankin roba ya lotsa, mai ya yanke. Yawancin masu wannan ƙorafi a nan matsalarsu take.

In ba shi ba ne, koma kan robar matsa mai da ke tsakiyar tiyo. Kibiyar jikinta inji take nunawa, ba tanki ba. Matsa ta har ta yi tauri. In ba ta tauri, iska na shiga ta wata tsaga a tiyo ko bakin mahaɗi. In ta lotse ta manne yayin tafiya, toshewar tana ɓangaren tanki. In kuma inji na farfaɗowa duk sanda ka matsa ta, fatar famfon mai ce ta huje.

Sai ruwa a fetur, wanda ya fi damun mai saye a jarka a bakin hanya. Zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye minti biyu, ruwa zai kwanta a ƙasa ka ga layin da ya raba su. A ƙarƙashin murfin inji akwai ɗan kofin tace mai, a kwance shi a zubar. A gindin kafireta ma akwai sukurun tsiyaye ta. Mai babban jirgi ya sa matatar da ke raba ruwa da fetur tsakanin tanki da inji, ya riƙa duba kofinta kowace safiya.

Agogon mai yana nuna rabi, amma mai ya ƙare. Ta yaya?

A cikin tanki wani abu ne ke yawo a saman fetur yana aika saƙo. Jirgi na ɗaga hanci, fetur ya gangara baya, allura ta faɗi abin da ba shi ba. Tankin da ke cikin jirgi kuma sau da yawa ƙasansa a tsuke yake, don haka rabin ƙarshe ya fi saurin ƙarewa. Karanta agogon mai jirgi na tsaye a daidai. In allura ta maƙale a cike ko a babu, yawanci waya ce ta ci tsatsa ko ta tsinke.

Lissafi ya fi agogon tabbas. Inji mai doki 40 irin na haɗi yana shan wajen lita 20 a awa a ƙarshen totur, in aka sassauta kaɗan sai shan ya ragu sosai. Raba manka uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. Tafkin Dadin Kowa ruwa ne mai faɗi, kuma iskar hadari na iya ninka maka tsawon lokacin dawowa.

Me agogon batir ke gaya mini?

Inji a kashe, batir ya huta: 12.6 cike yake, 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 ya kusa zama fanko. Inji na gudu sama da sulo: ya kamata allura ta hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ta tsaya a 12 da ɗoriya tana sauka a hankali, ba ya caji. Duba kan batir, fis, sannan na'urar cajin da ke kan inji. In ta haura 15 ta zauna, cajin ya yi yawa, zai dafa batir ya ƙona ƙwan fitila.

Kada a cire kan batir ko a kashe babban makunnin wuta inji na aiki, na'urar caji ce za ta ƙone. Wajen ɗaurawa jar waya ce farko, wajen cirewa baƙa ce farko. A ɗaure kan da sifana, ba da yatsa ba, a shafa giris. Batir ya zauna cikin akwati a ɗaure, sama da inda ruwa ke taruwa, nesa da tankin fetur. Kowace waya da ta tashi daga jan kai ta sami fis ɗinta kusa da batir. In fis ya ƙone sau biyu a jere, akwai wayar da ta goge tana taɓa wani wuri. Naɗa masa zaren waya a madadin fis neman gobara ne a inda ba wurin gudu.

Na murɗa makulli ko na ja igiya, inji ya ƙi tashi. Daga ina zan fara?

In ko motsi bai yi ba, mai yiwuwa giya ce ba ta zauna a firi ba. An yi injin ne ya ƙi tashi a cikin giya. Motsa hannun ka sake gwadawa. In ka ji ƙas-ƙas kawai, batir ne ko kansa ya kwance.

In yana juyawa amma bai kama ba, duba ɗan maƙalin jar igiyar kashe inji, ko yana wurinsa. Sannan iskar tanki, robar matsa mai, cok. Cok na inji mai sanyi ne, da ya kama a mayar da shi. In ka ji warin fetur bayan ja da yawa, ya sha mai ya ƙoshi: mayar da cok, buɗe totur a firi, ja sau da dama. In har yanzu shiru, sa sabon fulogi. Kowane jirgi ya kamata a samu fulogi na ajiya da sifanarsa, filaya, sukuddireba da igiyar ja ta gaggawa a cikinsa.

Jar igiyar nan dole ne sai na ɗaura ta a jikina?

Dole ne. A wuyan hannu ko a cinya ko a rigar ruwa. In jirgi ya bugi kututture ko dorina ta taso a gabanka ka karkace ka faɗa ruwa, igiyar ce za ta fizge maƙalin inji ya mutu. In babu ita, hannun inji zai karkata gefe guda, jirgi ya yi ta kewaye yana dawowa kan wanda ya faɗa, farfela na juyawa. Igiyar da aka naɗe a hannun inji ba ta da amfani ga kowa. Gwada ta kowace safiya: inji na sulo, ka fizge, ya mutu nan take. Ka ajiye maƙali na biyu a jirgi, ka nuna wa yaron jirgi inda yake, don ya iya tayar da inji ya dawo ya ɗauke ka.

Yaya ake sa giya ba tare da an ji ƙarar gurza ba?

A sulo kaɗai ake sa giya, kuma da motsi ɗaya mai kaifi. Wanda ke tura hannun a hankali don tausayin inji shi ke cinye haƙoran giya, wannan gurzar da kake ji su ne ke goga juna. Daga gaba zuwa ribas, tsaya a firi na daƙiƙa biyu ko uku. A jirgi mai sitiyari hannu ɗaya ne ke yin aikin biyu: turawar farko giya ce, abin da ya biyo baya totur. In giya na fita da kanta ana cikin gudu, a saita wayarta da wuri kafin haƙoran su gama lalacewa.

Jirgi ba shi da birki, kuma da gindi yake kwana. In ka juya dama, bayansa hagu yake fita, don haka ka bar masa wuri kusa da wani jirgi ko masu wanki a gaɓa. Shigo mashigi da gudun da in ka bugi wani abu ba za a yi ɓarna ba, kana fuskantar iska ko igiyar ruwa, ka tsayar da shi da ɗan ribas. Kafin kowa ya sauka ko ya hau ta baya, a kashe inji.

Me ake nufi da ɗaga inji da sauke shi yayin tafiya?

Kusurwar da ƙafar inji ke yi da bayan jirgi ita ke ɗaga hanci ko danne shi. A manyan injuna maɓalli ne a hannun giya, da agogonsa. A ƙanana ƙarfe ne da ake sokawa a ɗaya daga ramuka huɗu ko biyar. Ƙafa ta matso jirgi, hanci ya duƙa: jirgi na saurin hawa kan ruwa, amma in ta yi yawa yana huɗar ruwa, sitiyari ya yi nauyi. Ƙafa ta yi nesa, hanci ya tashi: gudu na ƙaruwa, in ta yi yawa jirgi ya riƙa sukuwa, farfela ta shaƙi iska. Tashi da ƙafa a ciki, in jirgi ya hau ruwa ka ɗaga kaɗan-kaɗan har sitiyari ya yi sauƙi, ya fara sukuwa ka mayar kaɗan. Cikin raƙuman ruwa a sauke hanci. Kafin duk wannan, a raba kaya daidai, domin kusurwar inji ba ta gyara jirgin da aka jibge wa buhuna a gefe ɗaya.

Famfon kwashe ruwa yana ƙara amma ba ya fitar da komai.

Ragar gindinsa ta toshe da ɓawon kifi, ƙaiƙayi ko guntun leda, ko tiyo ya lanƙwashe, ko an juya wayoyinsa. Cire shi daga mazauninsa ka wanke. In mai kunna kansa ne, ɗaga abin da ke yawo a gefensa da yatsa ka ji ya tashi. Wannan wayarsa kai tsaye take zuwa batir da fis ɗinta, don ya yi aiki in ruwan sama ya sauka da dare ba kowa. Famfon da ke yawan tashi alhali ba a yi ruwa ba yana gaya maka jirgi na yoyo. Fara duba toshiyar ramin baya. Kada bokiti ya bar jirgi don an sa famfo.

Agogon gudu da na zurfi abin dogaro ne?

Agogon gudu na allura da matsin ruwa yake aiki ta wani ɗan rami a ƙafar inji, laka na toshe shi a kai a kai. Na GPS a wayar hannu ya fi shi gaskiya. In ya nuna kn, kowane ɗaya kilomita 1.852 ne a awa.

Na zurfi kuwa abin da ke ƙarƙashin jirgi yake aunawa, ba abin da ke gaba ba, kuma daga inda aka manna idonsa yake ƙirgawa, alhali farfela ta fi wurin nutsewa. Ba zai ga kututturen da ruwa ya rufe ba sai ka hau shi, ba zai ga ragar masunta ba. Inda ba ka sani ba, ka tambayi masuntan wurin ko sarkin ruwa, ka sa yaro a gaba da gora, ka tafi a sulo.

Fitilun ja da kore fa?

Ja a hagu, kore a dama, fara a baya. In ka hango ja da kore tare, jirgi na tunkaro ka kai tsaye, kowa ya kauce damansa. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ta hana jigilar dare, ta kuma wajabta rigar ruwa ga kowane fasinja. Fitilun na ranar da hazon hunturu ko hadari ya rufe ka ne, ko inji ya ɓata maka lokaci har magariba ta yi.

Yaushe ake canza man giya, kuma me ya sa nawa ya koma fari?

Sabon inji bayan awannin farko da littafinsa ya faɗa, daga nan duk awa 100 ko wata 6. Wanda ba shi da agogon awa ya riƙa rubuta awannin aikinsa a littafi. Man giya mai lamba 90 ake sawa. A tsayar da inji a miƙe, a kwance sukurun ƙasa, sannan na sama, mai ya tsiyaye. Ta ramin ƙasa ake ɗura sabo har ya ɓullo ta na sama. A ɗaure na sama tukuna, sannan na ƙasa da sauri, da sababbin wasa, wato ƙananan zobban da ke ƙarƙashin kan sukuru.

Fari ko ruwan madara na nufin ruwa ya shiga. Kusan kullum lilon kamun kifi ne ya naɗe a bayan farfela ya yanke robar da ke tare mai. Shi ya sa a ruwan da ake kafa raga da mamari ya kamata a cire farfela duk wata, a warware abin da ya naɗe, a shafa giris a sandarta. Garin ƙarfe kaɗan a kan sukurun ƙasa ba komai ba ne. Gutsattsari masu kama hannu kuwa na makanike ne.

Jar fitila mai hoton butar mai ta kama. In ci gaba?

A'a. A inji mai ɗakin baƙin mai, wannan na nufin mai ba ya zagayawa da ƙarfi. Kashe, tsayar da inji a miƙe, jira minti biyar, auna da tsinke. In ya gaza, cika zuwa tsakanin alamomin biyu, kada ya wuce ta sama. In man na nan daidai fitilar ta sake kamawa, a ja jirgin.

Inji ya faɗa ruwa. Ya tashi aiki ke nan?

Yana iya rayuwa in an hanzarta, domin tsatsa na farawa ne da zarar an fito da shi iska ta taɓa shi. Cire murfi, wanke laka da ruwa mai tsabta. Cire fulogi duka, juya ramukan ƙasa, ja igiya a hankali ruwa ya fita. In igiya ta yi tauri ko ka ji gurzar yashi, tsaya, kada ka tilasta, sai an buɗe shi. In tana juyawa sumul, tsiyaye kafireta da kofin tace mai da tiyo, zuba ɗan baƙin mai a kowane ramin fulogi da bakin kafireta, ka ci gaba da ja don man ya shafe ciki. Mai ɗakin baƙin mai sai an zubar da mansa an canza, wani lokaci har sau biyu. A kai shi wurin makanike a ranar, ba washegari ba, ya busar da kayan wuta, ya tayar da shi da sabon haɗi, ya bar shi ya yi aiki cikin ruwa na aƙalla rabin awa. In an mayar da shi jirgi, a ɗaure sukurorin rataye da kyau, a kuma ɗaura masa igiya ko sarƙa ta biyu a jikin jirgi.